Surukina Mahauci da Jijiyar Hagu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma surukina ya riga mu komawa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, ba a sayar da nama a unguwarsu ta Gummi ba. Mahauta sun kife teburansu, suka zo suka cika ƙofar gida, rigunansu na ƙanshin sabulu amma kitsen bai gama fita ba. Fulani suka iso daga wajen Adabka da Nasarawa Burkullu, wasu a kan babur, wasu a ƙafa da sandunansu a kafaɗa. Wata tsohuwa mai fura ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi shiga, ta ƙi tafiya, tana ta tambayar duk wanda ya wuce, "To yanzu wa za shi aiko ma masu jego da ƙoda?" Wanda ya fi kowa kuka shi ne abokin faɗansa, wani tsohon mahauci da suka ƙare rayuwarsu suna zagin juna daga tebur zuwa tebur. Yana share hanci da hannun riga yana cewa, "Ya tahi bai ba ni haƙuri ba, ni ko ban ba shi ba. Haka mutum ka yi ma ɗan'uwanai?"

Ni ina can gefen tabarma, inda ya dace suruki ya zauna. Masu gaisuwa suna wuce ni su miƙa wa 'ya'yansa hannu, kuma daidai suka yi. Sai dai a duk taron nan ban ga wanda mamacin ya yi wa abin da ya yi mini ba. Ni da 'yarsa har yau Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma muna nan tare a ɗaki ɗaya. Da ba don shi ba da auren nan ya mutu tun tuni. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, don kada a riƙa tuna shi da faɗa da tsire kawai.

Faɗa kam yana da shi, ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. In ka danna namansa da yatsa, sai ya tambaye ka ko a gidanku haka ake gaida mutane. In ka yaba masa, sai ya ce ka biya ka ba wasu wuri. Ban taɓa jin ya kira sunana ba. "Mutumin Anka" yake ce mini, shi ma ba kai tsaye ba, sai dai ya ce wa wani, "A ba mutumin Anka ruwa," alhali ina tsugune a gabansa. Haka al'adarmu take tsakanin suruki da mijin 'yarsa: gaisuwa, sunkuyar da kai, sai kowa ya kama gabansa.

Amma akwai wata ɗabi'a tasa da duk Gummi ta sani. In ya feɗe dabba ya fitar da tumbi da hanji, ba ya yarda kowa ya fizgo ƙoda. Sai ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya ware kitsen da ya lulluɓe ta a hankali, ya bi jijiyoyin da ke shiga cikinta da masu fita, ya bi waɗanda suka gangara zuwa maraina in namiji ne, yana gyaɗa kai shi kaɗai. Masu saye na tsaye da kwanoninsu, sauran mahauta na tsokanarsa cewa ya tafi ziyara. Shi ko sai ya ce, "Ku bari in ga yadda anka ɗinka wanga. Tun ina yaro nike buɗe su, ban taɓa iske biyu daidai ba." Wani jijiya ɗaya ce ke shiga ƙodarsa, wani biyu, wani tasa ta rabu tun kafin ta iso. In ya ci karo da wadda bai saba gani ba, ranar har rangwame yake yi.

Wannan ɗabi'ar ce ta haɗa shi da abokin nan nasa faɗa mafi tsawo. Wata babbar Sallah an kira su biyu su feɗe ragon layyar wani maƙwabci. Da aka buɗe, sai aka ga ƙoda ɗaya ba ta inda aka saba ganinta, ta sauko can ƙasa kusa da mara, kuma jijiyoyi sun rataye ta ta ko'ina. Matan gida suka fara salati daga bayan zana. Abokin ya ja da baya ya ce wannan ba lafiya ba, a haƙa rami a binne ta, a kuma je a tambayi liman ko layyar ta yi. Maigidan ya tsaya fuska ta yi fari, ga shi rago ɗaya Allah Ya hore masa. Surukina ya matso. Ya yanko ƙodar, ya tsaga ta, ya nuna wa maigidan cikinta ja wur ba tabo, ya ɗora ta a kan garwashi, ya barbaɗa gishiri, ya cinye a gabansu yana tsotsar yatsa.

"In na kwana na tashi, layyarka ta yi," in ji shi. "In ban tashi ba, ka tambayi liman bayan jana'iza."

Abokin ya ce an mai da shi jahili a gaban mata. Ba su sake gaisawa ba sai da wata Sallar ta zagayo.

Sai kuma ƙodar masu jego. Duk matar da ta haihu a unguwar, ko mijinta bai taɓa sayen ko ƙashi a teburinsa ba, washegari za a kai mata ƙoda da ɗan yankin hanta a naɗe cikin ganye. Ba ya so a yi masa godiya, in an aiko sai ya ce ba shi ba ne. Ya yi wa 'ya'yan maƙwabta, ya yi wa matan Fulani da suka sauka a bayan gari, ya yi wa matan baƙin da suka fara zuwa neman zinari a ƙarshen rayuwarsa. 'Yarsa ta fari, matata, ita ce bai taɓa samun dalilin aika wa ba, kuma na san abin yana cin sa.

Na aure ta ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Sana'ata sayen hatsi, ina bin kasuwannin ƙauye a kan babur tun daga Anka har Bukkuyum. Shekara ta wuce, wata ta biyo ta, shiru. Innata ba muguwar mace ba ce, amma ni kaɗai ne namiji a ɗakinta. Ta fara da rubutu, ta koma jiƙo, ta koma turare, duk a cikin matata ake ɗurawa. Ba wanda ya taɓa miƙo mini ko kofi ɗaya. A wurinmu in namiji lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa, to an gama maganarsa, saura ta mace. Ni ma haka na ɗauka, ita ma haka ta ɗauka. Daga nan gwaggona ta fara kiran ta juya a gidajen suna, da murya daidai yadda za ta ji. Na yi faɗa da gwaggo, na yi da Inna, na rantse ba zan sake ta ba. Sai wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da ɗaki a share, kwanoni a kife, ta tafi Gummi. Saƙon da ta bar wa maƙwabciya shi ne in yi haƙuri in ba ta takardarta, ba za ta tsaya ta tare mini hanyar 'ya'ya ba.

Na ɗauki kawuna a bayan babur muka tafi biko. Surukina ya karɓe mu a zaure, ya saurari kawu har ya gama, ya ce a ba mutumin Anka ruwa, ya ce mu kwana. Ko kalma ɗaya bai faɗa a kan 'yarsa ba. Kawu ya ce mini alamar ba ta da kyau.

Da hantsi sai aka ce yana kirana a bayan gida, ni kaɗai. Na same shi ya riga ya yanka wani tsohon rago ya rataye shi a reshen dalbejiya, ya feɗe fatar. Ba kowa a wurin, shi da ke da masu taya shi aiki cike da gida. Ya nuna mini ƙafar ragon da haɓa, na kama na buɗe masa. Ban taɓa jin inda aka sa suruki riƙon ƙafar rago ba, amma wa zai tambaya? Ya fitar da kayan ciki ya zuba a daro, ya durƙusa yana ware kitse kamar yadda ya saba. Sai ya fara magana, ba da ni ba, da ragon.

"Kai wanga rago, ai na san labarinka. Mai kiwonka yac ce tumakinai dut juya na, ba su ɗauka. Yas sai da su ɗaya bayan ɗaya. Sai da garke yaw watse sannan yat tuna akwai ka."

Na ji ƙafar ragon ta yi mini nauyi a hannu. Shi ko ya ci gaba, yana bin wata siririyar jijiya da bakin wuƙa ba tare da ya yanke ta ba.

"Ga ta dama, ta tahi kai tsaye ta shiga babbar jijiya, ba wahala. Ga ta hagu, ita sai ta hau bisa ta biya ta wajen ƙoda. Ba kowa ad da ita haka ba. Wani tashi ƙasa-ƙasa take shiga, wani biyu gare shi. Amma taka ta yi nisan hawa, jini ya gaji, ya koma ya kwanta."

Ya sauko da hannunsa ya tsaga fatar da ke saman marainan ragon. A gefen dama jijiyoyin sirara ne a kwance. A gefen hagu sun kumbura sun murɗe sun dunƙule wuri ɗaya kamar hanjin kaza.

"Ka gani ko? Wuri ya yi zahi, iri ya mutu. Kana hawa, kana sauka, kowa na cewa rago lahiya lau. Kai dabba na, maganinka wuƙa. Da mutum na, wanda in ya daɗe bisa babur yaka sauka shina jan ƙahwar hagu, in ya zauna shi karkace, da sai in ce mishi shi tahi babban asibiti Sakkwato. Na ji akwai masu ɗaure ta can."

Gumi ya jiƙa mini riga. Abin da na fara ji ba godiya ba ce, fushi ne. Na so in saki ƙafar in hau babur in tafi, kada in sake taka Gummi. Amma gaskiya ya faɗa. Na yi shekaru ina jin nauyi a gefen hagu, yana tsananta da zafin rana da doguwar tafiya, in na kwanta ya lafa. Na ɗauka sanyi ne, ina ta shan jiƙon masu tallar magani a kasuwa. Ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da maganar haihuwa ba. Yadda ya gane, ko da idonsa ne kawai, ko 'yarsa ta taɓa yi wa mahaifiyarta zancen ciwon, ban sani ba. Daga baya dai na ji cewa ragon ya daɗe a ɗaure a gidan, ya sayo shi a Nasarawa Burkullu bayan ya shafa shi ya ji abin da yake nema, kuma an taya ya ƙi sayarwa.

Bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya. Ya yanko ƙodojin, ya naɗe cikin ganye, ya miƙo mini ta gefe ya ce, "A kai ma Inna." Muka koma Anka ba tare da matata ba, kawu na ta mita a bayana cewa an ɓata mana lokaci.

Na yi kwanaki ina juya abin, sannan na ce wa gida za ni Sakkwato neman buhuna. Likitan da na samu mutum ne mai haƙuri. Ya sa na tsaya, ya sa na yi nishi, ya taɓa, ya tura ni gwaji. Ya ce a jikin mutum galibi jijiyar hagu ƙodar take hawa ta samu, shi ya sa ciwon ya fi kama hagu, kuma ba laifin kowa ba ne, halitta ce. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce za su ɗaure ta, ciwon zai tafi, haihuwa kuma tana iya zuwa tana iya ƙin zuwa, don abin ya daɗe. Bayan an yi aikin na farfaɗo, ya zo ya ce inda suka sa ran ganin jijiya ɗaya, biyu suka tarar, ɗayar ta laɓe a bayan 'yar'uwarta, duka sun ɗaure. Na fashe da dariya, ɗinkin ya ja ni na yi ƙara. Likitan ya tsaya yana kallona kamar allurar barci ba ta sake ni ba.

Da na dawo sai na fara da kawu na gaya masa komai, na bi da gwaggo, don na san in ta ji gari ya ji. Sannan na shiga wurin Inna, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Na tsuguna na ce, "Inna, ciwon nawa na, ba nata ba. An yi min aiki."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta waiga hagu da dama ta ce, "Ruhe bakinka kada wani shi ji."

"Gwaggo ta riga ta ji."

Inna ta ture faifan gefe. Sai hawaye, ba ƙara, tana cewa, "Dut abin da nib ba ɗiyar mutane tas sha. Dut abin da nib bari anka ce mata." Washegari ta yafa gyale ta shiga motar Gummi ita kaɗai. Uwar miji ba ta zuwa biko da ƙafarta, amma tawa ta je. Abin da suka ce wa juna a ɗakin surukata ba a gaya mini ba. Na dai ga sun sauko daga mota tare, Inna ce ke ɗauke da ƙullin kayan.

Bayan nan rayuwa ta ci gaba yadda take ci. Ciwon ya tafi, haihuwa ba ta zo ba. Na sha habaici a majalisa, wasu abokai har suka riƙa yin shiru in ana zancen suna na iso. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba. Amma ba wanda ya sake kiran matata juya, kuma ta koma shiga gidajen biki da kanta a sama. Ni da surukina muka koma gaisuwarmu ta da, ina tsugune yana cewa a ba ni ruwa. Zancen ragon bai sake haɗa mu ba.

Da tsufa ya kama shi ƙafafunsa suka fara kumburi, 'ya'yansa suka kai shi asibiti a Gusau aka ɗauki hoton cikinsa. An ce ya hana ma'aikatan sakat, ba ya tambayar ko zai warke, tambayarsa ita ce jijiya nawa ke shiga tasa ƙodar. Da wani ya gaji ya duba ya ce masa ta dama kamar biyu ce, ya dawo Gummi yana gaya wa duk wanda ya zo dubiya, har da abokin faɗansa, wanda ya ce dama ya daɗe da sanin ba a yi shi daidai ba.

Zuwana na ƙarshe da rana ne bayan azahar. Matata ta riga ni da kwanaki tana jinya. Na gaishe shi daga bakin ƙofa zan juya, sai ya ce kowa ya fita. Ya ce, "Mutumin Anka, matso." Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido. Ya rame, hannuwan nan masu ƙarfi sun zama ƙashi.

"Na so ka tahi asibiti," ya ce. "Ban zaci za ka hwaɗa ma duniya ba. Ka wanke min ɗiya. Na gode."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai kai ka yi komi."

"Dakata, ban ƙare ba. Akwai wadda ban so in tahi da ita." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ni uba na. Bayan aikinka da shekaru, da nig ga shiru, na kira ta nan ɗakin. Nic ce mata tunda an san ba daga gare ta ba na, kuma da sauran ƙuruciyarta, in tana so ni da kaina zan tahi Anka in amso mata takarda, ta yi wani aure ko Allah shi ba ta nata. Ina son in ga ɗanta kahin in mutu. Ba ni jin kunyar hwaɗa maka."

Ɗakin ya yi mini duhu da rana tsaka.

"Ka san mi tac ce? Tac ce in na sake yi mata wagga magana, ba ta ƙara taka gidana. Ni, ubanta." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Na gaya maka don kada ka zauna kana tsammanin tausai ya riƙe ta, ko rashin wurin zuwa. An buɗe mata ƙohwa, ta ƙi hita. Tashi ka tahi, na gaji."

Na fito tsakar gida idona na yaji. Tana bakin rijiya tana wanke zanen gadonsa, mata na zaune a inuwa suna tsintar shinkafa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mi yac ce maka?"

"Ya ce in rage gudu bisa babur."

"Ƙarya kake," ta ce, ta koma kan wankinta.

Zanen ya yi mata nauyi da ruwa, tana ta kokawa da shi. Na naɗe hannun riga na kama ɗaya bakin. Matan suka daina tsintar shinkafa suna kallon mijin 'ya yana wanki a gidan surukai. Ta ce in saki, ana ganinmu. Ban saki ba, muka murɗe shi tare har ruwan ya tsane.

Bai kai Juma'a ba. Allah Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya yalwata masa kabari, Ya suturta shi a gaban taron ƙiyama yadda ya suturta ni a bayan gidansa.